Selulait: Halitta ce ko cuta?

Selulait suna ne da ake kiran lotsa-lotsa da tudu-tudun da ke bayyana a fatar cinyoyi da mazaunai da ƙugu, wani lokaci har a ciki ko a damtse, ta yadda fatar za ta yi kama da ɓawon lemon zaƙi. Galibi ba ya ciwo, ba a ɗaukarsa daga wani, ba ya kuma rikiɗa ya zama wata cuta. Ƙiyasin da likitocin fata suka fi kawowa shi ne mata 80 zuwa 90 cikin ɗari suna da shi bayan balaga, wata kaɗan wata da yawa, siririya da mai jiki duka. A jikin maza kuwa da wuya a gan shi. Hausa ba ta keɓe masa kalma ba, kamar yadda ta keɓe nankarwa ga layukan da goyon ciki ko ƙiba ke bari a fata, kuma wannan rashin suna da kansa yana da wurin zama a cikin muhawarar da ake yi a kansa. Tun shekarun 1970 masana suka rabu gida biyu. Wasu na cewa halittar jikin mace ce kurum, 'yan kasuwa suka laƙaba mata sunan cuta don su sami abin sayarwa. Wasu na cewa matsala ce ta gaske mai sanannen dalili, kuma macen da ta dame ta tana da haƙƙin a nema mata magani.

Kafin a saurari kowane ɓangare, sai an san abin da ke ƙarƙashin fatar. Duk wanda ya taɓa kallon mai ɗinkin katifar auduga yana aiki ya riga ya ga misalinsa. Idan ya cusa audugar a cikin yadi, sai ya riƙa soka basilla daga sama zuwa ƙasa yana ɗaure zare, domin kada audugar ta taru wuri guda. Inda zaren ya ja, nan katifar ke lotsawa, tsakanin zare da zare kuma auduga ta turo. Haka jikin mutum yake. Tsakanin fata da tsoka akwai shimfiɗar kitse, kuma a cikin kitsen akwai zaruruwa masu ƙarfi, na sinadarin da ake kira kolajin, waɗanda suka ɗaure fata da abin da ke ƙasanta. Kitse na turo fatar waje, zaruruwan na janyo ta ciki, sai saman fatar ya kasa zama sumul.

A shekarar 1978 wasu likitocin Jamus biyu, Nürnberger da Müller, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan gawarwaki 150 da kuma samfurin fatar mata 30 masu rai. Abin da suka gano shi ne har yau ake koyarwa. A cinyar mace zaruruwan suna tsaye ne carr, kamar ginshiƙai, sun raba kitsen ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki na iya turowa sama. A cinyar namiji kuwa sun gitta juna kamar saƙar raga, sun kama kitsen ta kowane gefe, ga kuma fatar wurin ta fi ta mace kauri. Sun kuma lura cewa mazan da ke da ƙarancin sinadarin mazantaka suna iya samun irin tsarin mata, har da lotsawar. Ke nan bambancin daga sinadaran jinsi yake. Wannan ne dalilin da ya sa selulait ba ya fitowa sai bayan balaga, kuma yakan ƙaru lokacin goyon ciki, sa'ad da sinadarin mata, istirojin, ke tara kitse a ƙugu da cinya. Gado na da hannu. Shekaru ma haka, domin fata na rage kauri da ƙarfin komawa mazauninta yayin da mutum ke manyanta. Ƙiba ba ita ke haifar da shi ba, amma tana fito da shi sarari. Likitocin biyu sun kasa shi mataki-mataki: daga fatar da ba ta nuna komai ko an matse ta, zuwa wadda sai an matse take lotsawa, zuwa wadda ke nunawa idan mace na tsaye, har zuwa wadda ke nunawa ko tana kwance.

Abin ban sha'awa shi ne waɗannan mutane biyu da suka fi kowa bayyana tsarin selulait su ne kuma suka kira shi ƙirƙirarriyar cuta, tun daga kan taken maƙalarsu. A kan wannan magana ɓangare na farko ya kafa hujjarsa. Masu wannan ra'ayi na cewa abin da kusan tara cikin goma na mata lafiyayyu ke da shi ba za a kira shi cuta ba, sai dai idan zama mace ne cutar. A ganinsu selulait ɗan'uwan faɗin ƙugu ne da fitowar nono, alama ce ta balaga. Suna kuma nuni da zane-zanen Peter Paul Rubens, mai zanen birnin Antwaf da ya rasu a 1640, musamman zanensa na wasu mata uku da ke rataye a gidan tarihi na Prado a Madrid. Ya zana cinyoyinsu da lotsa-lotsarsu a fili, ba don ya muzanta su ba, sai don a wurinsa haka kyakkyawar mace take.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce tarihin kalmar. Daga Faransanci ta fito. A ƙamusun likitanci na Littré da Robin na 1873, ma'anarta kumburin nama ne da ke ƙarƙashin fata, ba ta da alaƙa da kwalliya. Sai a shekarun 1920 da 1930 aka juya ta ta koma kan cinyoyin mata, a shagunan gyaran jiki na Faris da kuma mujallun mata irin su Marie Claire da Votre Beauté. Ita Votre Beauté ɗin, wanda ya kafa kamfanin kayan shafa na L'Oréal, Eugène Schueller, shi ne mai ita. Masaniyar zamantakewa 'yar Italiya, Rossella Ghigi, ta bi diddigin wannan tarihi, ta nuna yadda abin ya zo daidai da lokacin da tufafin matan Turai suka fara gajarta kuma siranta ta zama abin yayi. Kalmar ta tsallaka Amurka ta hanyar mujallar Vogue a 1968. A 1973 wata Bafaranshiya mai shagon gyaran jiki a birnin New York, Nicole Ronsard, ta wallafa littafi a kan selulait wanda ya yi kasuwa sosai, inda ta koyar da cewa wani irin gurɓataccen kitse ne da ya haɗu da ruwa da dattin jiki. Bincike bai tabbatar da wannan ba. Kitsen da ke cinya mai lotsawa kitse ne irin na kowane wuri, babu wata guba da ta taru a cikinsa da ake buƙatar a wanke. Amma maganar ta kama, kuma har yau da ita ake tallar shayin wankin ciki da sabulun dirzar jiki. Don haka ɓangaren farko ke cewa an fara ƙera sunan, sannan aka ƙera damuwar, sannan aka kawo haja.

Ɓangare na biyu bai musanta wannan tarihi ba, sai dai yana cewa tarihin suna daban, samuwar abu daban. Lotsawar tana nan tun kafin a haifi mujallun Faris, ai ga Rubens ya zana ta. Ana ganin zaruruwan a na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki, kuma binciken da aka yi daga baya, ciki har da na likitar fata 'yar ƙasar Burazil, Doris Hexsel, ya nuna cewa a ƙarƙashin kusan kowane rami mai zurfi akwai zare mai kauri da ke janyo shi. Abin da ke da dalilin da za a iya nunawa da yatsa, in ji su, bai kamata a kore shi da cewa tatsuniya ce ba. Suna ƙara da cewa yawan masu abu ba ya hana a yi maganinsa. Sanƙo ya yi yawa a maza, ƙurajen balaga sun yi yawa a samari da 'yan mata, raunin gani na zuwa wa kusan duk wanda ya haura arba'in, kuma ba wanda ya ce a bar su haka don sun zama ruwan dare. Sannan ba duk selulait ne ɗaya ba. Wadda nata sai an matse yake fitowa ba daidai take da wadda nata ya yi ramuka masu zurfi, har ta kai tana jin nauyin tuɓe kaya gaban mijinta ba. A ce wa irin wannan mace ta haƙura domin 'yan talla ne suka sa mata damuwa, wani nau'i ne na raini. Ko daga ina damuwar ta samo asali, yanzu dai tata ce. Suna kuma da wata hujja ta zahiri: idan likita ya ƙi sauraronta, ba gida za ta koma ta zauna ba, wurin wanda ba likita ba za ta nufa, shi kuwa zai saurare ta har ya yi mata allura.

Idan aka ɗora hujjojin biyu a ma'auni, sai a ga ba abu ɗaya suke jayayya a kai ba. Na farko yana maganar suna ne, kuma a nan ya fi gaskiya: selulait ba cuta ba ne, ba ya nuna cewa hanta ko ƙoda ko jini sun lalace, ba kuma shaidar lalaci ko ƙazanta ba ne, tunda har 'yan wasan tsere na duniya akan ga masu shi. Na biyu yana maganar 'yancin mace ta gyara abin da ba ta so a jikinta, kuma ba sai abu ya zama cuta ake gyara shi ba. Misalin raunin gani dai bai tsaya da ƙafarsa ba, domin shi yana hana karatu da aiki, selulait kuwa ba ya hana komai sai kwanciyar rai. Na sanƙo ya fi dacewa. Ba a nan gizo ke saƙar ba, a wata tambaya yake: idan an yarda a yi maganin, akwai maganin da ke yi?

A nan ɓangaren farko ke samun mafi yawan makamansa. Man shafawa su suka cika kasuwa, galibinsu masu ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da gahawa, ko aminofilin, wanda asalinsa maganin asma ne. Matsalarsu a fili take. Zaren da ke janyo fatar yana can ƙasa, mai kuwa a sama ake shafa shi, kuma babu man da zai ratsa fata ya tsinka zare. Iyakar abin da kafeyin ke yi shi ne ya ɗan tsane ruwan wurin na ɗan lokaci. A 1999 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila, inda mata 52 suka kammala makonni 12 ana gwada man aminofilin da kuma na'urar tausa ta Endermologie, wadda aka ƙera a Faransa, mai tsotsar fata tana murza ta tsakanin gammo biyu. Da aka auna cinyoyin, ba a sami bambancin a-zo-a-gani ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wannan na'ura a 1998, amma a kan cewa tana rage bayyanar abin na wucin gadi kawai, wato da an daina zuwa sai ya dawo. Man da ke da ɗan goyon bayan bincike shi ne mai retinol, dangin bitamin A, wanda ke ƙara wa fata ɗan kauri idan an jure shafa shi wata shida ko fiye. Canjin kaɗan ne, kuma ba a so mai ciki ta yi amfani da shi.

Yawan alƙawarin ƙarya ya kai ga hukuma. A 2003 kamfanin Rexall Sundown ya amince ya biya har dala miliyan 12 bayan hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhume shi kan tallar ƙwayoyin Cellasene, waɗanda ya ce suna kawar da selulait. A 2014 hukumar ta sa kamfanin L'Occitane ya biya dala dubu 450 saboda tallar wasu mayukansa biyu. A wannan shekarar dai kamfanin Wacoal ya biya dala miliyan 1.3 saboda wasu matsattsun wanduna da aka zuba wa yadinsu kafeyin, aka ce sanya su na rage cinya.

Rage ƙiba da motsa jiki sun fi waɗannan tasiri, amma su ma ba su da tabbas. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 kan matan da ke rage nauyi ƙarƙashin kulawar likita ya nuna yawancinsu sun ga sauƙi, wasu kuma nasu ya ƙara muni, musamman waɗanda tun farko ba su da ƙiba sosai kuma fatarsu ta saki bayan ramar. Motsa jikin da ke gina tsokar cinya da mazaunai yana sa shimfiɗar ta yi ƙarfi, fatar ta fi zama daidai, sai dai zaruruwan na nan inda suke. Tiyatar zuƙe kitse kuwa, wadda mutane da yawa ke zaton ita ce ƙarshen magana, ba maganin selulait ba ce. Kitsen can ƙasa take cirewa, kuma tana iya barin fata ta fi da lotsawa. An gudu gara, an faɗa gidan zago.

Amma ɓangare na biyu ba hannu rabbana ya zo ba. Yana cewa duk waɗannan sun gaza ne domin sun bar zaren suna faɗa da auduga. Hanyar da ta nufi zaren kai tsaye tana aiki. A shekarar 2000 Hexsel da abokiyar aikinta Rosemarie Mazzuco suka buga sakamakon wata dabara da aka aro daga gyaran tabon fuska: a kashe zafin wurin, a shigar da allura mai kaifin baki ƙarƙashin fata, a tsinka zaren da ke ƙasan kowane rami, sai fatar ta taso. A kan wannan tunani aka ƙera na'urar Cellulaze mai amfani da hasken leza, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2012, da Cellfina mai ƙaramar wuƙa a 2015, wadda bin diddigin da aka yi ya nuna sakamakonta na kaiwa shekara uku. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya tabbatar da bayanin da aka yi tun 1978. Sai dai yana da iyaka. Ramuka masu zurfi, ɗai-ɗai, su yake gyarawa, ba ya gyara fatar da ta saki ta yi kamar igiyar ruwa. Yana da tsada, yana barin kwanciyar jini da ciwo na kwanaki ko makonni, kuma da yawa daga cikin gwaje-gwajen da ke yabonsa kamfanonin da ke sayar da na'urorin ne suka biya kuɗinsu.

Labarin allurar Qwo ya isa misali ga ɓangarorin biyu. A watan Yuli na 2020 ta zama allura ta farko da hukumar Amurka ta amince da ita don selulait na mazaunan mata. Sinadarinta daga wata ƙwayar bakteriya ake samo shi, yana narkar da kolajin, wato yana cinye zaren ba tare da wuƙa ba. A lokacin, ana yin ta sau uku, kwana 21 tsakani. A gwaji ta rage lotsawar fiye da allurar da ba magani a ciki, amma mata 84 cikin ɗari sun sami kwanciyar jini a wurin, wasu kuma tabon ya daɗe bai goge ba. A watan Disamba na 2022 kamfanin Endo, mai allurar, ya sanar da daina yin ta. Masu goyon bayan magani na cewa kimiyyar ta yi daidai, gyara kawai take buƙata. Masu adawa na cewa an musanya wa mata lotsawar da ba ta da launi da tabo mai launi, a kan abin da tun farko ba ya cutar da kowa.

Wannan batu na tabo ya fi shafar masu duhun fata, domin baƙar fata takan bar duhu mai daɗewa a duk inda aka ji mata rauni, wasu kuma tabonsu kan kumbura ya yi tudu. Akwai kuma abubuwa biyu da ake yi a ƙasar Hausa da ke fito da selulait fili ba da niyya ba. Ɗaya shi ne man bilicin mai ɗauke da sinadaran sitiroyid irin su kulobetasol, wanda ke sirantar da fata har jijiyoyi da nankarwa su bayyana, kuma siririyar fata ba ta iya rufe tudun kitsen da ke ƙasanta. Na biyu shi ne shan ƙwayoyi irin su deksametason don a yi ƙiba, wanda ban da sirantar da fata yana raunana tsoka, ga hawan jini da ciwon sukari da yake jawowa. Dilka da halawa da ake yi wa amare kuwa suna gyara saman fata, su sa ta laushi da sheƙi, wanda ke iya sa lotsawar ta rage fitowa ga ido na 'yan kwanaki, amma ba sa kaiwa ga zaren, kamar dai sauran abubuwan shafawa.

Inda ɓangarorin biyu suka haɗu babu gardama shi ne wajen rarrabe selulait da wasu cututtuka biyu na gaske da ake rikita su da shi. Ta farko sunanta ya yi kama da nasa, selulaitis, amma ita ƙwayoyin cuta ne ke shiga ƙarƙashin fata, sau da yawa ta wani rauni a ƙafa. Wurin kan kumbura, ya yi zafi, ya yi ciwo, sau da yawa da zazzaɓi, kuma a baƙar fata jan da ake faɗa ba lalle a gan shi ba. Tana buƙatar asibiti da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da jinkiri ba, musamman ga mai ciwon sukari. Ta biyu ita ce lifidima, wadda likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Allen da Hines, suka bayyana a 1940. Kusan mata kaɗai take kamawa. Kitse ne ke taruwa a ƙafafu biyu daidai wa daida daga ƙugu zuwa idon sawu, ya bar tafin ƙafa yadda yake. Ƙafafun na yin nauyi, suna ciwo idan an danna, jini na saurin kwanciya a cikinsu, kuma rage abinci ba ya rage su sosai. Mata da yawa kan shafe shekaru ana ce musu ƙiba ce ko selulait kafin a gano ta. Alamar da ta fi saurin raba su ita ce ciwo: lotsawar da ba ta ciwo, ba ta zafi, ba ta kumbura ƙafa, selulait ce, wadda ta zo da ɗaya daga cikin waɗannan kuwa likita ya kamata ya duba ta.